Kafin Matashi Ya Saya wa Tsohuwar Kwamfuta Katin Girafik

Kowace safiya motoci na fita daga Suleja maƙil da ma'aikata, su wuce gindin Dutsen Zuma, su bi ta Madalla, su ratsa Zuba su nufi ofisoshin Abuja. Garin da ya bar wa babban birnin ƙasa sunansa na asali, ya koma amsa sunan Sarki Sulaimanu Barau, shi ne yau makwancin dubban ma'aikatan birnin. Kayan aikin ofisoshin ma, idan sun tsufa, nan suke yin ritaya. Kwamfutocin girke da suka cika shagunan Suleja wasunsu gwanjon ma'aikatu da bankuna ne, akasarinsu kuwa 'yan Beljiyam ne da suka sauka a tashoshin jiragen ruwa na Legas, suka bi ta Alaba da Kwamfuta Bilej ta Ikeja, suka yada zango a Banex da ke Wuse 2, kafin su gangaro nan.

Duk wanda ya leƙa shagunan buga takardu na titin Maroko ko na kewayen kasuwar IBB zai gan su a ƙarƙashin tebur: Dell OptiPlex 7010 da 9020, HP Compaq Elite 8300, EliteDesk 800 G1, Lenovo ThinkCentre. An ƙera su tsakanin 2012 da 2014 ko kusa da haka, domin su yini a kunne a ofis shekara da shekaru, kuma sun cika alkawari. Da su ake buga takardun makaranta, ake cike fom, ake zana katin ɗaurin aure da kalandar biki da fastar 'yan takara. Daga Kwamba zuwa Maje, gidaje da yawa da su ake cefane.

Maganar kati tana tasowa ne ranar da yaron shago ya ga inji ya fara yi masa nauyi. Ya ɗauko bidiyon hawan sallah na Sarkin Zazzaun Suleja zai tace, hoto sai tsalle yake yi, murya ta wuce ta bar shi a baya. Ya hau YouTube ya ga wani a Amurka ko Indiya ya soka wa irin injinsa katin girafik, inji ya miƙe da gudu. Daga ranar ba shi da zance sai na kati. Ya shiga adashi, ya rage abincin rana, wataƙila ma ya je wurin mahaifiyarsa ta kwance bakin zane ta ba shi abin da ta daɗe tana ƙullewa. Tun da naira ta faɗi daga wajen 460 a kan dala a watan Mayun 2023 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, kati mai ɗan dama yana iya kai kuɗin kwamfutar da za a sa shi a ciki, ko ma ya ɗara. Irin wannan kuɗi bai kamata ya fita a kan zato ba. Burin yaron mai kyau ne, kuma sau da yawa yana yiwuwa. Amma kati shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ya saya, bayan ya amsa wa kansa tambayoyin da mai sayarwa ba zai yi masa ba.

Ya fara da tambayar wane aiki ne ya gagari injin. Katin girafik ƙaramar kwamfuta ce mai zaman kanta, da ƙwaƙwalwarta da ma'ajiyarta da fankarta, aikinta zana abin da ke bayyana a allo da yin lissafin da ya shafi hoto. Injinan ofis ba su zo da shi ba, domin farosesar Intel da ke cikinsu tana da ɗan sashen hoto a jikinta, HD 2500 a i5-3470, HD 4600 a i5-4570, wanda ya ishi rubutu da intanet da kallon fim. Mai buga takardu a Word, da mai cike fom, da mai atisayen jarrabawar JAMB, babu abin da kati zai ƙara musu ko na miliyan ne. CorelDraw ma, wanda shi ne tuwon yau da kullum na masu zane a garin nan, har da 'yan matan da ke zana katin biki daga cikin ɗaki su tura ta WhatsApp, ya fi dogara da farosesa da ram. Masu buƙatar kati ta gaskiya su ne mai tace bidiyo a Premiere ko DaVinci Resolve, da ɗalibin zanen gini da ke son fito da gida a Lumion ko Blender ya nuna wa mai fili, da mai gidan gem da yara ke biya su buga eFootball ko GTA V.

Gano inda nauyin yake ba ya cin ko kwabo. Lokacin da injin ke ja, sai ya buɗe Task Manager ya ga abin da ya cika. A yawancin injinan nan zai tarar faifan ajiya ne ya tsaya cak a kashi 100, ko kuma ram ta cika ta batse. Tsohon faifai mai juyawa yana karanta megabait 100 zuwa 150 a daƙiƙa, SSD mafi sauƙin kuɗi kuwa yana kai wajen 500, tazarar ma ta fi haka faɗi wurin ƙananan fayiloli, waɗanda su ne Windows ke yawan nema. Ram ɗin DDR3 da injinan nan ke ci tana cikin kayan kwamfuta mafi araha a kasuwa. Wanda ya sa SSD, ya ɗaga ram daga gig 4 zuwa 8 ko 16, sau da yawa sai ya tarar ciwon da yake nema wa kati ya riga ya warke. Wanda kuma ya soka kati a injin da ke kan tsohon faifai da ram 4, zai ci gaba da zaman jiran da yake yi, ga kuɗi sun tafi.

To, a ce an yi wannan, aiki kuma ya nuna kati yake so. Nan ne matashi zai kashe inji, ya zare waya daga bango, ya buɗe murfi ya duba da idonsa. Abin mamaki ne yawan masu zuwa sayen kati ba su taɓa buɗe injinsu ba.

Abu na farko da zai gani shi ne girman akwatin. Injinan ofis iri uku ne a kasuwa: dogo mai faɗi da ake tsayarwa a ƙasa, da siriri da ake kwantarwa a ɗora monita a kansa, wanda kamfanoni ke rubuta wa SFF, da ɗan mitsitsi da bai wuce littafi ba. Ɗan mitsitsin ba shi da gurbin kati sam, maganarsa ta ƙare. Siririn, wanda ya fi yawa a shagunanmu saboda ya fi sauƙin lodi a kwantena, ba ya karɓar sai gajeren kati mai gajeren ƙarfen baya. Ko shi ma akwai sauran dubawa: a OptiPlex 7020 da 9020 siraran, dogon gurbin kati yana dab da akwatin wuta, wato fawa-fak, don haka gajeren kati mai kaurin gurbi biyu ba zai zauna a wurin ba, sai mai kauri ɗaya. Ya ɗauki rula ya auna tsawo da tsayi da kauri, ya rubuta a takarda. Yanke ƙarfen akwati da zarto, ko barin inji a buɗe kati na reto a waje, aikin da ake gani ne a wasu shaguna, kuma gayyatar ƙura ce da hannun yara.

Abu na biyu, wanda ya fi komai muhimmanci, shi ne fawa-fak, akwatin ƙarfen nan da wayar wuta ke shiga. A jikinsa akwai takarda da aka rubuta yawan wat ɗin da yake iya bayarwa. A OptiPlex 7010 siriri wat 240 ne, a dogon 275. A 9020 siriri 255, a dogon 290. HP 8300 siriri 240. An auna waɗannan ne daidai da farosesa da faifai ɗaya da ɗan rara kaɗan, kuma wanda ya shekara goma yana aiki cikin zafi ba lalle ya ba da abin da aka rubuta ba. Gurbin PCIe da ake soka kati a ciki, bisa ƙa'ida, wat 75 yake iya bayarwa, a wasu siraran injina ma kamfani ya rubuta ƙasa da haka. Duk katin da ke cin fiye da 75 sai an jawo masa waya ta daban daga fawa-fak, mai huda shida da ke ƙara wat 75, ko mai huda takwas da ke ƙara 150. Fawa-fak ɗin injinan ofis ba shi da ko ɗaya daga cikinsu.

Nan ne matasa da yawa ke faɗawa. Ana yi musu tallar RX 580 mai gig 8 a farashin da ke jan rai, kuma gaskiya kati ne mai ƙarfi tun fitowarsa a 2017. Amma wat 185 yake ci. Ɗora shi a kan fawa-fak mai 240, wanda farosesa ta riga ta ci kusan kashi ɗaya cikin uku nasa, lodin tirela ne a kan keken Napep. Sai wani ya ce ai akwai ɗan adafta da ake jonawa da wayar faifai ya koma mai huda shida. Akwai shi, kuma shi ne ya fi ba da tsoro, domin bakin wayar SATA wat 54 kawai aka yi shi ya ɗauka. Idan aka ja masa fiye da haka yana yin zafi, roba ta narke, a ci sa'a inji ya mutu shi kaɗai, a yi rashin sa'a ya tafi da bod da faifan da ke ɗauke da aikin mutane. A shagon da ke cike da takarda, abin yana iya wuce asarar inji.

Canza fawa-fak ɗin ma ba ko'ina yake yiwuwa kai tsaye ba. OptiPlex 7010 dogo yana amfani da filogin nan na kowa da kowa mai huda 24, don haka ana iya sa masa babba. Daga 3020 da 7020 da 9020 kuwa Dell ta koma nata filogin mai huda takwas, HP ma tana da nata mai shida. Sai an nemi wayar da ke haɗa su, a kuma tabbatar sabon zai zauna a akwatin. Idan aka tara kuɗin kati da na fawa-fak mai nagarta da na waya, wani lokaci gara mutum ya sayar da injin ya cika ya sayi wanda aka gina don wannan aiki.

Abin farin ciki shi ne akwai katunan da gurbin kaɗai ke ciyar da su, kuma su ne rabon tsohon inji. GTX 750 Ti na 2014 wat 60 yake ci, amma ya tsufa. GTX 1050 Ti na 2016 da GTX 1650 na 2019, kowanne mai gig 4, suna tsayawa a 75, kuma MSI da Gigabyte da Zotac sun yi gajerunsu. RTX 3050 mai gig 6 da ya fito a 2024 wat 70 yake ci, sai dai a kula, ɗan'uwansa mai gig 8 sai da ƙarin waya. Ga mai tace bidiyon biki, katunan Nvidia ɗin nan suna da wani sashe mai suna NVENC wanda aikinsa matse bidiyo kawai, kuma tun 2020 Premiere ke amfani da shi wurin fitar da aiki. Shi ne ke rage zaman jiran da ake yi amarya na bugo waya. GT 1030 ba shi da wannan sashe. RX 6400 na AMD, wanda ke cin wat 53 kuma ake samun siririnsa mai kauri ɗaya, shi ma ba ya matse bidiyo, kuma da yake layi huɗu kawai yake amfani da su, yana rasa wani ɓangare na ƙarfinsa a tsohon gurbi. Katunan Intel Arc suna buƙatar wani tsari da ake kira Resizable BAR wanda injinan 2013 ba su da shi, don haka a bar su ga masu sabon bod. Ga i5 na ƙarni na uku ko na huɗu, GTX 1650 shi ne wurin da kuɗi da ƙarfi da wuta suka fi haɗuwa.

Akwai wata al'ada a kasuwa da ya kamata matashi ya yaye kansa daga gare ta, wato auna kati da gig. Za a ce wannan gig 4 ne, wancan gig 2, sai a ɗauka na farkon ya ninka na biyun. Gig girman ma'ajiya ne kawai, ƙarfi yana wurin ƙwaƙwalwar katin da saurin ma'ajiyar. GT 730 mai gig 4 ba ya ko kama ƙafar GTX 750 Ti mai gig 2. GT 710 kuwa bai fi abin da farosesar ƙarni na huɗu ta zo da shi ba, amfaninsa ƙarin monita. Ko a suna ɗaya ana samun biyu: GT 1030 ya fito da ma'ajiyar GDDR5 mai gudun gigabait 48 a daƙiƙa, sai a 2018 aka fitar da wani mai suna iri ɗaya da DDR4, gudunsa bai kai 17 ba. Kwali ɗaya, lamba ɗaya, aiki kusan rabi. Haka RX 580 da aka rubuta wa 2048SP, wanda aka yi wa kasuwar Sin, a cikinsa RX 570 ne.

Daga nan sai kasuwa, inda ake cin kuɗin wanda bai sani ba. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2018 ya nuna cewa wajen tan 60,000 na kayan lantarki na hannu ke shigowa Najeriya a shekara, kuma sama da tan 15,000 daga ciki ba sa aiki tun kafin su sauka. Wannan ba ya nufin duk ɗan kasuwa macuci ne. Da yawansu su ma a dunƙule suka saya, ba su gwada ɗaya bayan ɗaya ba. Yana nufin gwaji haƙƙin mai saye ne, kuma babu rashin kunya a neman sa.

Jabun kati ya yi yawa har ya zama sana'a. Ana ɗaukar GTS 450 na 2010, a canza masa bayanin da ke cikinsa ya riƙa kiran kansa GTX 1050 Ti, a sa masa sabuwar riga da kwali mai ƙyalli. Windows ma za ta nuna sunan ƙaryar. Yana kunna allo lafiya, sai an ɗora masa aiki ya fara watsa layuka ko ya rufe manhaja. Alamarsa ta farko a ido take: idan an ga shuɗin bakin VGA a bayan GTX 1050 Ti, a ajiye shi, domin na asali daga manyan kamfanoni ba ya zuwa da shi. Ta biyu kuma ƙaramar manhajar kyauta ce mai suna GPU-Z, wadda tun 2018 take tona irin waɗannan katunan ta rubuta a gaban sunansu cewa jabu ne. Ya kamata ta kasance a filas ɗin duk mai zuwa sayen kati.

Sai katunan haƙar kirifto. Ranar 15 ga Satumba, 2022, Ethereum ta daina amfani da tsarin da ake haƙar ta da katin girafik, dubban rumbunan haƙa a duniya suka rufe, katunansu suka malalo kasuwannin na hannu. RX 570 da RX 580 da GTX 1060 masu arha da yawa daga can suke. Ba duka ne suka lalace ba, amma sun yi shekaru a kunne dare da rana, wasu an canza musu tsarin ciki. Fanka mai ƙara ko mai rawa, bayan kati da ya dafe ya koma ruwan ƙasa, maiƙo a gefen ma'ajiya, sukurori da aka sha kwancewa, duk labari suke bayarwa. Akwai ma waɗanda ba su da bakin jona monita ko ɗaya, don haƙa kawai aka yi su.

Maganar da matashi zai yi a shago gajera ce, cikin ladabi: Oga, don Allah a sa min shi a inji in gani. A bar shi ya yi minti goma sha biyar ko ashirin a kan gem ko manhajar gwaji ta FurMark, ana kallon zafinsa a GPU-Z. Idan ya haura digiri 85 ya ci gaba da hawa, ko allo ya ɗauke ya dawo, ko ɗigo-ɗigo masu launi suka bayyana, ciniki ya ƙare. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin katin da kwanakin garanti a rubuce, ko da mako ɗaya ne. Mafi kyau ma ya ɗauki injinsa ya tafi da shi a gwada a ciki, domin wasu tsofaffin bod ba sa tashi da wasu sababbin katuna sai an sabunta musu BIOS. Kuɗin motar bai kai asarar katin da aka ƙi karɓa ba. Wanda zai saya ta intanet daga wanda bai taɓa gani ba, kada ya tura kuɗi kafin kaya.

Masu bidiyon da ake kallo daga waje ba su san wutar Suleja ba, ba su san zafinta ba. Kati na ƙara wa inji ci, kuma wani ne zai biya. Tsakanin kati mai wat 75 da mai 185 akwai tazarar 110. Idan ana aiki da shi sosai awa takwas a rana, kusan yunit ɗaya ke nan kullum, sama da yunit 20 a wata. Wanda layinsa na AEDC ke rukunin A, inda hukumar NERC ta kai farashi naira 225 a kan yunit a watan Afrilun 2024, zai ji a jikinsa. Wanda ke kan janareta, tun bayan cire tallafin mai a 2023, ya fi shi ji. Mai sola kuwa batirinsa ne zai riƙa mutuwa tun kafin isha'i. Ƙaramin UPS mai 650VA da aka saba gani, wat ɗinsa na gaskiya bai kai 400 ba, kuma da tsohon batiri ba zai riƙe inji mai babban kati da monita ba. Ga ɗaukewar wuta ana tsakiyar fitar da bidiyo, ga dawowarta da ƙarfi. Sitabilaiza da UPS mai rai suna cikin kuɗin kati, a lissafa su tun farko. Wasu tsofaffin fawa-fak 'yan Amurka kuma suna da ɗan jan maɓalli a baya mai 115 da 230. Idan yana kan 115 aka jona shi da wutar Najeriya, ƙara ɗaya zai yi.

Zafin Maris da Afrilu a shagon kwano mara silin ya ishi inji wahala ko babu kati. Ƙurar hunturu kuma tana toshe fanka cikin 'yan makonni. A ɗaga inji daga ƙasa, a ba shi tazara da bango, a riƙa hure shi da bulowa ana riƙe da fanka kada ta yi gudun da ya wuce ƙima. Tsohon kati da tsohuwar farosesa duka suna son a canza musu man nan mai toka-toka da ke tsakaninsu da ƙarfen sanyaya, domin na shekara goma ya bushe.

Sa katin kansa shi ne mafi sauƙi a duk lamarin. A zare wuta, a danna maɓallin kunnawa ragowar caji ta fita, a taɓa ƙarfen akwati kafin a taɓa kati, a riƙe shi ta gefe, a danna shi a gurbi har ƙugiyar baya ta kama. Wayar monita ta koma bayan katin, domin da yawa kan bar ta a tsohon wurinta su ce kati ba ya aiki. Mai tsohuwar monita mai VGA kaɗai zai buƙaci adafta mai canza HDMI zuwa VGA. Manhajar direban katin kuma daga shafin Nvidia ko AMD za a sauko da ita.

Duk da haka tsohon inji yana da iyaka, kuma sanin ta na cikin hankali. Farosesa mai ƙwaƙwalwa huɗu ta 2013 ba za ta iya ciyar da babban katin zamani da aiki ba, zai zauna yana jiran ta, rabin kuɗinsa a banza. Microsoft ta rufe tallafin Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance sai farosesar Intel ta ƙarni na takwas zuwa sama. Nvidia ta daina yi wa yawancin katunan jerin 600 da 700 sabuwar direba tun 2021, jerin 900 da 1000 ma, har da 1050 Ti, sun bi sahu a ƙarshen 2025, sai gyaran tsaro kawai. GTX 1650 bai shiga wannan rukuni ba, wanda ƙarin dalili ne na fifita shi. Injinan za su ci gaba da aiki, amma sababbin manhajoji za su riƙa wuce su ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka abin da za a zuba musu ya zama wanda zai dawo cikin shekara, ko wanda za a iya cirewa a kai sabon inji. SSD da kati suna ƙaura. Ram ɗin DDR3 a nan za ta tsaya.

Lissafin dawowar kuɗi kuwa da biro ake yin sa. Bidiyon biki nawa ake samu a wata, nawa ake biya, awa nawa katin zai rage, aiki nawa za a ƙara karɓa saboda shi? Mai gidan gem ya ƙirga yaran da ke zuwa da kuɗin mai. Wanda kuma don nishaɗinsa yake so, babu laifi, amma ya faɗa wa kansa gaskiya, ya kuma faɗa wa wanda zai ba shi kuɗin. Karɓar kuɗin uwa da sunan kayan sana'a a sayi kayan wasa cin amana ne, ko da kati ya yi aiki. Yaran da ke koyon gyara a yau su ne za su riƙe shaguna nan da 'yan shekaru, kuma wanda ya san zafin jabun kati bai kamata ya miƙa wa ƙaninsa irinsa ba.

Masu shaguna da masu gyara na Suleja suna da rabonsu a nan. Kusan kowannensu yana da mataccen inji a lungu yana shan ƙura. Su sauko da shi su ba yaransu da sukundireba, su nuna musu takardar fawa-fak da gurbin kati da bambancin waya mai huda shida da mai takwas, su bar su su kwance su ɗaura har hannunsu ya saba, tun kafin ranar da yaron zai fita kasuwa da kuɗin adashinsa.